Uku ga Watan Tara

Da sunan Allah nake buɗe wannan hira, Shi da Yake jera ranaku ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun rikice ba.

Hannuna da ajami ya fara sabawa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomin auduga ne a wani ƙauye na Jazira a ƙasar Sudan, shi ya koya min riƙe alƙalamin kara, kuma shi ya koya min rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci don in riƙa yi wa mutanen ƙauye wasiƙa zuwa ga danginsu na Najeriya. Har yau idan aka miƙo min takarda, idona daga dama yake farawa, ko da da boko aka rubuta ta. Na faɗi wannan tun farko domin yana da hannu a cikin abin da zan ba da labari.

Shekarun da suka gabaci yaƙi na yi su ne a wata ƙaramar makarantar sakandare mai zaman kanta a Alhilla Kuku, wata unguwa kusa da Khartum, ina aikin magatakarda. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne, jikokin waɗanda suka bar gonakin Jazira suka shigo birni neman abinci. Ni nake shigar da sunan kowane ɗalibi a kwamfuta, da sunan uba da na kaka, da aji, da ranar haihuwa. Muna da wata manhaja ta ajiye bayanai da wani malamin lissafi ya tsara mana kafin ya bar aiki. Da farko kwamfuta ɗaya ce, a ofishin mudir, wato shugaban makaranta, sai ya fita zagayen azuzuwa nake samun zama a gabanta. Daga baya wani surukinsa ya dawo daga aiki a ƙasar waje ya kawo masa wata, aka ajiye min ita a ɗan ɗakina kusa da ƙofa. Tun daga nan ni nake shigar da sunaye a sabuwa, in kwashe su a filasha in kai tsohuwa, domin ita ce take haɗe da firinta.

Sabuwar tana da wata ɗabi'a da na lura da ita tun makon farko. Idan na buga ashirin da biyar ga watan tara, sai ta juya lambobin a gabana, ta sa tara a hagu, ashirin da biyar a damanta. Ban damu ba. Mu a nan idan muna rubuta kwanan wata da hannu daga dama muke farawa, rana sannan wata. Da na karanta daga dama na ga rana ta riga wata, sai na ɗauka ladabi take yi wa Larabci. Wasu ranakun kuma ta bar su yadda na buga, wannan ma bai dame ni ba. Ga shi a Sudan ba mu cika kiran wata da suna ba, watan uku, watan tara, haka kowa yake cewa, saboda haka rana lamba ce, wata ma lamba ne.

Akwai kuma wani abu da ya rufe mana ido. Da yawa daga cikin yaranmu a gida aka haife su, ba a yi musu takardar haihuwa ba. Sai sun isa shiga makaranta a kai su likita ya duba su ya kimanta shekarunsu, a ba su takardar da ake kira tasnin. Duk wanda aka yi wa tasnin, ɗaya ga watan ɗaya ake rubuta masa. Malamai har wasa suke yi cewa a makarantarmu rabin aji tagwaye ne. To ɗaya ga ɗaya, ko ta wane gefe ka karanta, bai canza ba.

A shekarar da nake magana an kawo mana wata yarinya daga Jabal Awliya, ta shiga ajin ƙarshe. Mahaifinta mai sayar da kifi ne, yana saro shi a bakin madatsar ruwa ya kai kasuwar kifi ta Omdurman. Dattijo ne gajere, mai ƙarancin magana, kowa Alhaji yake ce masa. Ranar rajista ya ciro takardunta daga cikin wata leda da ya ɗaure a ƙirjinsa ƙarƙashin jallabiya. Bai yarda na riƙe su ba, shi ya buɗe min a kan tebur yatsansa na danne da gefensu har na gama kwafa. Ita a asibiti aka haife ta, tana da takardar haihuwa ta gaskiya, uku ga watan tara, kuma haka yake a lambarta ta ƙasa. Duk Bahaushen Sudan ya san abin da wannan leda take nufi. Alhaji ya yi shekaru yana kai da kawo da shaidu, ana tambayarsa inda aka haifi kakansa, kafin iyalinsa su sami takardun ƙasa.

Yarinyar tana da ƙoƙari. Malamar kimiyya takan ce wannan in Allah Ya yarda harhaɗa magunguna za ta karanta. Da lokacin rajistar jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ya zo, muka buga sunayen 'yan ajin ƙarshe muka kai ofishin da ake kaiwa a Khartum. Bayan wani lokaci aka dawo mana da su, kowa da lambar zamansa, ban da ita. An ja layi a ƙarƙashin sunanta an rubuta cewa ranar haihuwa ba ta dace da lambar ƙasa ba, a gyara kafin a rufe karɓar gyara. Idan aka rufe babu lambar zama, ba za ta zauna jarrabawa ba sai wata shekara. Na duba takardar da muka buga, na ga tara ga watan uku. Na koma ɗakina na buɗe sabuwar kwamfuta, na ga uku, sannan tara, kamar yadda na buga da hannuna.

Mudir ya aika aka kira Alhaji. Da ya ji abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko za a ce ya kai takardun. Mudir ya ce dole a ga na asali. Nan take Alhaji ya miƙe.

Na bi shi har bakin titi, inda mai shayi take zama a gindin bishiyar nim, wato darbejiya. Na saya masa shayi, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. A nan ya gaya min abin da yake ransa. Shi a ganinsa, tunda kwamfutar hukuma ta ƙi, to a cikin takardarsa ne kuskuren yake, wani magatakarda ne ya rubuta mata wani abu can da daɗewa wanda bai yi daidai da na babban littafi ba. Idan ya kai, za a buɗe fayil ɗin gidan gaba ɗaya, a sake tambayarsa kakansa.

Ya ce, "Malam, ƙannenta huɗu suna cikin wannan ledar. Ba zan jefa su a ruwa saboda jarrabawar mutum ɗaya ba. Ta zauna gida ta taya uwarta ɗinki."

Na ce masa ni da idona na ga takardar, babu abin da ya same ta. Ya ce to in takardar lafiya take, kuma na buga daidai, daga ina tara ga watan uku ya fito? Ban ga laifinsa ba da ya ƙi karɓar rantsuwata a madadin amsa.

Washegari yarinyar ta zo makaranta kamar kullum. Da aka tashi ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta gaishe ni da Hausa, ta ƙarasa da Larabci kamar yadda yaran yanzu suke yi. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko ta ci gaba da bitar karatu. Na ce ta ci gaba. Ban san a kan me na dogara na faɗa ba, sai dai ban iya ce mata ta daina ba.

Akwai wani Badamagare da nake sallar Juma'a da shi wani lokaci, magidanci ne, yana karatun digiri na biyu a ɗaya daga jami'o'in Musulunci, da yamma kuma yana gyaran kwamfuta a wani shago a Omdurman don ya ciyar da iyali. Ni kakana daga ƙasar Kano ya taso, saboda haka akwai wasa tsakaninmu. Na hau hafila, wato bas, na haye gada na same shi. Da ya ji bayani ya yi dariya ya ce ai dama Bakano ko kwanan wata aka ba shi ajiya sai ya juya shi ya ga ko zai ci riba. Na ce ya rufe shago ya biyo ubangidansa. Ya ce sai dai bawa ya biya kuɗin mota.

Ba a gano abin da wuri ba. Mudir ya nace ƙwayar cuta ce ta shiga ta filasha, sai Badamagaren ya bi filashar da kwamfutocin biyu ya duba, bai sami komai ba. Shi kuma da ya ji daga ƙasar waje aka kawo sabuwar, ya yi zaton an saita ta a kan kalandar Hijira ce, tana ƙoƙarin mayar da kwanaki tana ɓata su. Ya duba, ba haka ba ne. Ya kalli agogonta ko batirin ciki ya mutu, agogo yana daidai. Muna cikin haka wuta ta ɗauke, muka fita muka yi la'asar a farfajiya, muka zauna jiran ta dawo. A zaman nan ne nake ba shi labarin ladabin da sabuwar take yi wa Larabci, don in ba shi dariya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wace rana take juyawa?"

Na ce manyan ranaku, irin ashirin da wani abu.

"Ƙananan fa?"

Na ce waɗannan tana barinsu lafiya.

Da wuta ta dawo ya buɗe wani wuri a cikin sabuwar inda ake gaya wa kwamfuta ƙasar da take, ya nuna min. An bar ta a kan tsarin Amurka, su kuma can wata suke fara rubutawa kafin rana. Tsohuwar ta mudir tana kan tsarin da rana take gaba, irin namu. Ya yi min bayani a hankali, kamar mai karantar da yaro. Idan na buga ashirin da biyar sannan tara, sabuwar ta san babu wata na ashirin da biyar, sai ta gane nufina ta gyara da kanta, shi ne juyawar da nake gani. Idan kuwa na buga uku sannan tara, duka biyun suna iya zama wata, sai ta bi al'adar ƙasarta ta ɗauki uku a matsayin wata, ta ajiye tara ga watan uku a cikinta, ta kuma nuna min lambobin a jeren da na buga su. Sai an kai wa tsohuwar take faɗin abin da aka ajiye a fili.

Sai a lokacin na gane. Waɗanda take juyawa a gabana su ne lafiyayyu, waɗanda ta bari ba ta taɓa ba a cikinsu ɓarnar take. 'Yan ajin ƙarshe kuwa kusan duka tun a tsohuwar aka shigar da su, 'yan kaɗan da suka zo daga baya ko dai 'yan ɗaya ga ɗaya ne ko ranarsu ta wuce goma sha biyu. Yarinyar da ubanta ya kai uwarta asibiti ya samo mata ranar haihuwa ta gaskiya, ita kaɗai abin ya kama.

Mudir ya ji daɗi, ya ce a canza tsarin a huta. Badamagaren ya canza, amma ya ce wannan gobe kawai ya gyara, abin da aka riga aka ajiye a karkace yana nan a karkace. Mudir ya ce to a ba ta umarni ta juya duka. Badamagaren ya ce in aka yi haka za a lalata na waɗanda aka shigar daidai, domin kwamfutar ba ta san wanne ne wanne ba, a wurinta duka ranaku ne halattattu. Abin da ya yi shi ne ya ware mana ɗaliban da aka shigar tun zuwan sabuwar, waɗanda ranarsu ba ta wuce goma sha biyu ba kuma ba ta yi daidai da watansu ba, ya ce waɗannan sai an bi su da takarda ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa manhajar ta daina nuna wata da lamba, ta riƙa rubuta sunansa da baƙaƙen Larabci, a allo da kuma a takarda. Ya ce ko Bakano ba zai iya sayar da Satumba a matsayin Maris ba.

Zan gyara na yarinyar nan take, sai ya riƙe min hannu. Ya ce in bar shi yadda yake har uban ya gani. Wannan shawarar tasa ce, kuma ita ce ta yi aiki.

Samun Alhaji ya yi wuya. Sai da na je kasuwar kifi da hantsi na same shi yana wanke tire, na roƙe shi don Allah ya zo, ba sai ya kawo ledar ba. Ya zo bayan azahar da ƙarnin kifi a hannunsa, ya zauna a bakin kujera. Ba ya karanta boko, amma ya yi karatun allo, yana karanta Larabci. Na buɗe sunan 'yarsa na juya masa allon. Ya matso, ya bi da yatsa, ya karanta: tara ga Maris.

Ya ce, "Maris kuma? A Maris ai kogi ya janye, yara na ƙwallo a kan yashi. Ranar da aka haife ta ruwa ya cika ya yi ja, ina kan gada ina kallonsa yana tafe da itatuwa, uwarta na nishi a bayan mota."

Na ce masa ya faɗi kowace rana yake so in buga. Ya ce biyar ga watan takwas. Badamagaren ya mayar da kwamfutar tsohon tsarinta, na buga biyar, na buga takwas, allon ya rubuta takwas ga Mayu. Ya sake mayar da ita tsarinmu, na buga lambobin nan dai, ta rubuta biyar ga Agusta. Alhaji ya sa aka maimaita da wata rana, ya sake sawa aka maimaita. Sannan ya jingina da kujera a karon farko.

Ya ce, "Wato a ɗakin nan abin ya faru."

Na ce a ɗakin nan.

"Takardata ba ta da komai."

Na ce ba ta da komai, Alhaji. Mudir ya ƙara da cewa makaranta za ta rubuta da hatiminta cewa kuskuren daga na'urarta ne, ba daga takardun ɗaliba ba. Alhaji ya ce a karanta masa wasiƙar kafin a sa hatimi, aka karanta. Sannan ya kawo sharaɗi: zai je, amma takardar ba za ta bar hannunsa ba, kuma in tafi tare da shi.

Muka tafi da safe, ni da shi da yarinyar, daga Alhilla Kuku zuwa Khartum a hafila mai cunkoso. Duk tafiyar hannunsa na kan ƙirjinsa. A ofishin muka bi layi. Ma'aikaciyar da muka samu ta karanta wasiƙar, ta ce ba mu ne na farko ba a wannan makon, ta miƙo hannu a ba ta takardar haihuwa. Alhaji ya buɗe ta a kan kanta ya danne gefenta da yatsa. Matar ta kalle shi, ta kalli yatsan, sai ta sunkuyo ta karanta a haka. Ba ta tambayi kakan kowa ba. Ta buga abin da za ta buga, ta ce lambar zama za ta biyo ta hannun makaranta.

Da muka fito rana ta yi zafi. Alhaji ya tsaya a inuwar wani shago ya mayar da ledar mazauninta ya ɗaure. Yarinyar ta ce masa da Larabci ai ga shi ba su cinye takardar ba. Ya ce ta yi masa magana da Hausa in tana son amsa. Ta maimaita da Hausa, ya ce wannan ma ba shi da amsa, ta wuce su nemi mota.

Sauran yaran da aka ware mana na bi su a hankali cikin makonnin da suka biyo baya. Wasu iyayen sun kawo takarda. Wasu takardar ta ɓace a ƙaura, sai dai uwa ta zo ta ce an haife shi ana tsinkar auduga, ko ana saura kaɗan a shiga azumi a shekarar da suka baro ƙauye, mu zauna mu lissafa wanne daga cikin watannin biyu ya fi kusa. Na sha mamakin yadda uwa ba ta rikita rana da wata, domin ita abin da take riƙe da shi zafi ne ko sanyi, da abin da aka dafa ranar suna.

Lambar zaman ta iso kafin a rufe. Na kai mata aji da kaina, ta karɓa da hannu biyu ta duba ranar haihuwar kafin ta duba lambar. Ta zauna jarrabawa tare da 'yan ajinta.

Bayan an gama, Alhaji ya biyo ta makaranta da ƙunshin soyayyen kifi, ya ce rabi nawa, rabi in kai wa Badamagaren, bawan nan nawa na Omdurman. Kafin ya tafi ya ciro wata farar takarda ya ce in rubuta masa ranar haihuwarta da ajami, da kalmomi, kada in sa lamba ko ɗaya. Na ɗauki alƙalami na fara daga dama, na rubuta uku ga watan tara, lokacin cikar kogi. Ya jira tawada ta bushe, ya ninke, ya sa a cikin ledar tare da sauran.

Yanzu da yaƙi ya warwatsa mu, Allah Ya tsare su a inda suke, Ya tsare abin da yake cikin ledar nan.